Garayar da Maiwada Ba Ya Kaɗawa

Duk wanda ya bi hanyar ƙafa daga Gazara zuwa kasuwar Makarfi a shekarun farko na mulkin kai, in la'asar ta riske shi a Gidan Nomau, zai ga wani tsoho zaune a gindin rumbu da garaya a cinya. Gidan Nomau ƙauyen Maguzawa ne, gidajensa ba su wuce goma sha biyu ba, fadamar rake ta kewaye shi gabas da kudu. Tsohon zai ja tsirkiyar sama ya taɓa ta, ya karkata kai ya saurara, sannan ya taɓa ta ƙasa. Matafiyi sai ya sauke kaya ya gyara tsayuwa, a zatonsa yanzu za a sha kiɗa. Ina! Da tsirkiyoyin nan biyu sun daidaita sai tsoho ya sassauta su, ya miƙe ya rataye abarsa a ƙarƙashin jinkar rumbu, ya shige gida. Baƙi da yawa sun wuce suna cewa ruɗewar tsufa ce. Mutanen ƙauyen ba sa gyara musu zance, don labarin ba na tsaye a bakin hanya ba ne.

Sunansa Maiwada, amma wadatar a suna ta tsaya. Gona ɗaya gare shi, da ɗan yankin fadama, da jaki mai taurin kai. Abin da Allah ya ba shi a yatsu yake. Tun yana saurayi ya gaji garaya a wurin kawunsa, kuma a zamanin ƙarfinsa, daga Ikara har Kudan, ba a cika yin taron bori ba tare da an aiko masa da goro ba. Masu bori sun ce kowane iska yana da takensa, da ya ji an kaɗa sai ya taso ya hau dokinsa, wato mutumin da ya saba hawa, ya yi magana da bakinsa. Maiwada ya san taken kowannensu kamar yadda makiyayi ya san kukan shanunsa. Shi kansa iska bai taɓa hawansa ba. Aikinsa ya buɗe ƙofa, bai taɓa leƙa ɗakin ba.

Aibinsa ɗaya, gaggawa. In zai ɗaura tsirkiya sai ya ja ta fiye da kima, ya ji ta yi tsini, ya sassauta, ya sake ja. Ya taɓa ta sama sau biyu, ta ƙasa sau ɗaya, ya yi shiru, ya sake. Garin sauri yakan ɓata lokacin da wani makaɗin zai kira iskoki uku ya sallame su. Mata suna zaune a tabarma suna hamma, turare yana ƙonewa a banza, shi yana nan yana tin tin tan.

A irin wannan zaman ne wata yarinya daga wajen Dandamisa, mai wushirya, wadda kullum takan riga kowa zuwa ta zauna kusa da makaɗa, ta dube shi ta ce, "Sarkin Gaggawa, sassauta mata, ba gudu za ta yi ba." Aka yi dariya, shi kuwa ya tsinke tsirkiyar don kunya. Yarinyar ita ce Lantana, kuma kafin damina biyu ta zama matarsa. Shekara arba'in suna tare ba ta taɓa kama sunansa ba, kamar yadda ya kamaci matar kirki, amma sunan nan na tsiya bai bar bakinta ba ko a gaban surukai. Sun haifi bakwai, ƙasa ta karɓi huɗu. Autarsu Mero ita ce ta yi aure a gidan da ke bayan nasu.

Lantana goɗiyar Doguwa ce, wato iskar da ake kira Doguwa ita ke hawanta. In mijinta ya kaɗa taken, sai idanunta su juye, muryarta ta koma siririya kamar ta wata daga nesa. Mutane su matso da tambayoyinsu: ina saniyar da ta ɓata, wace gona za a fara shukawa, wa ya sa hannu a ciwon yaro. Can sai ta yi atishawa, iskar ta sauka, ta nemi ruwa ta sha, ta dubi jama'a ta ce, "Me aka ce?" Ba ta taɓa tuna ko kalma ɗaya ba.

Ita ce ta fara gajiya. Wani mai bishara da ake kira Malam Gambo, shi ma ɗan Maguzawa ne daga wajen Ikara, ya soma zuwa ƙauyen ran Lahadi a kan keke, da Littafi Mai Tsarki cikin jakar fatar akuya. Maza suka ɗauke shi abin kallo, mata suka ɗauke shi abin tausayi saboda ramarsa. Wata Lahadi ya karanta musu inda aka gargaɗi jama'ar Allah cewa kada a sami mai duba a cikinsu, ko mai sihiri, ko mai neman shawarar iskoki, ko mai tambayar matattu. Kowa ya sunkuyar da kai, don ba gidan da maganar ba ta taɓa ba. Da suka koma gida Lantana ta ajiye tulu ta ce, "Ni dai na gaji da a ari bakina a yi magana ban sani ba." Maiwada ya yi gardama wata shida, sannan ya bi ta, kamar yadda ya saba bin ta a kan komai in ya gama hayaniyarsa.

Aka yi musu baftisma a rafin fadama a shekarar da aka sauke tutar Turawa. Ran nan aka tara layu da ƙahoni da zannuwan bori a bakin rafi aka cinna musu wuta. Maiwada ya kawo garayarsa don a jefa. Malam Gambo ya juya ta ya duba ya ce itace da fata ba su yi wa kowa laifi ba, a bar ta. Lantana da kanta ta sassauta tsirkiyoyin har suka kwanta, ta miƙa masa, ta ce, "Ka yi mini alkawari a gaban Ubangiji. Ko wata rana ka ga ina birgima ina roƙonka, kada ka kira mini Doguwa." Ya yi alkawari. Ya rataye garayar a rumbu, gizo-gizo ya samu gida.

Shekara uku suka yi cikin wani irin kwanciyar hankali da ba su saba da shi ba. Sai abu ya soma a hankali, yadda ruwa ke cin gindin katanga. Ta zuba gishiri sau biyu a miya. Ta fita ɗiban ruwa ta dawo da tulu wayam tana murmushi. Ta riƙa kiran awaki da sunayen 'ya'yanta da suka rasu, tana yi musu faɗa su shigo rana ta yi zafi. Maiwada yana tsokanarta, ita ma tana dariya.

Wata safiya ya dawo daga fadama da rake biyu a kafaɗa, ya same ta a ƙofar ɗaki. Ta ɗago kai, ta ja zane ta rufe kafaɗunta, ta ɗan rusuna.

"Sannu da zuwa, baƙo. An zo lafiya? Daga ina?"

Ya yi dariya, ya ce, "Daga Makka, a ƙafa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Maigidan ba ya nan, ya tafi kiɗa Kudan. Amma zauna a kawo maka ruwa."

Ya zauna. Me zai yi in bai zauna ba? Ta kawo masa ruwa a ƙwaryar baƙi, ba a tasa mai ɗinki a baki ba, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya.

Tun daga ranar ya zama baƙo a gidansa. Ya ɗora ta a jaki ya kai ta ɗakin shan magani, mai maganin ya duba idonta da harshenta ya ce wannan ba shi da allura. Jama'ar majami'a suka zo suka yi addu'a, ta yi musu maraba ta ba su gyaɗa. Wata rana takan gane Mero, wata rana ta ɗauke ta ƙanwarta. Shi kaɗai ne ba ta ƙara ganewa ba ko sau ɗaya, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne kullum zancensa take yi. Da la'asar sai ta zauna a tabarma tana fuskantar hanyar Kudan, shi yana gefe, ta riƙa ba shi labarin mijinta: yadda yake cin tuwo da zafi ya ƙone harshe, yadda ya taɓa tafiya biki ya manta garayar a gida. In ya ce, "To yaushe zai dawo?" sai ta ce, "Shi da gaggawa? Yanzu za ka gan shi." Su zauna su biyu suna jiransa har kaji su hau.

A zaman nan ne ya lura da yatsanta. Tana kallon hanya, yatsan yana bugun tabarma, sau biyu, sau ɗaya, ya tsaya, ya sake. Ya kasa kunne ya auna shi da taken Doguwa, bai hau ba. Ya auna da na sauran, ko ɗaya bai dace ba. Ya ce a ransa ko kiɗan ma ya ruɗe mata ne.

Lokacin da rake ya fitar da fure, fadama ta yi fari fat kamar an shanya auduga, sai ga Zulai ta dogaro sanda. Zulai tsohuwar magajiyar bori ce ta yankin, tare suka yi ƙuruciya da Lantana.

"Gafaranku dai, masu gida."

"Maraba da Magajiya. Ina gajiya? Yaya hanya?"

"Ba gajiya. Ina wuni? Yaya iyali? Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, mun gode Allah."

Ta shiga ta daɗe, ta fito tana share ido da bakin zane. Ta zauna a kan turmi ta ce, "Maiwada, ruwa ba ya tsami banza. Shekara arba'in ana hawan doki, rana ɗaya ya tsinke igiya ya ce ya gaji, kana tsammani mai dokin zai zuba ido? Doguwa ce ta ɗauke mata sani ta ɓoye. Kaɗa mata take sau ɗaya tak, ta zo a ba ta haƙuri ta mayar. Ba sai malaminku ya ji ba."

"Ba malam na yi wa alkawari ba, Magajiya."

"To zauna. Zauna a ƙwaryar baƙi har a zo a ɗauke ta, ta tafi tana cigiyarka."

Ba da mugunta ta faɗa ba, shi ya sa maganar ta shige shi. Kwana uku yana juya ta. A na huɗu ya tafi Ikara a ƙafa, ya sami Malam Gambo a gindin ɗorawa yana liƙe tayar kekensa. Bayan sun gaisa har gaisuwa ta ƙare, Maiwada ya ce, "Malam, in mutum ya buɗe ƙofar da aka hana, sau ɗaya, don kawai ya ɗauko abinsa ya fito, yaya ke nan?"

Malam Gambo ya ajiye tayar. Bai yi kamar bai gane ba. Ya ce, "Baba, akwai wani sarki a Littafi da ya kori masu duba daga ƙasarsa da hannunsa. Da tsoro ya kama shi, ya yi addu'a ya ji shiru, sai ya sake tufafi ya tafi wurin wata mace ta kira masa annabin da ya mutu. Ya ji magana kam, amma ba wadda ya je nema ba, kuma bai ƙara tsayawa da ƙafarsa ba. Ba zan ce maka hanin nan da sauƙi ba. Ni ma da Inna Lantana uwata ce, ban san yadda zuciyata za ta yi ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma sarkin nan, can baya, in hankalinsa ya dagule, Dauda yakan kaɗa masa garaya ya sami sauƙi."

"Garaya?"

"Haka aka rubuta."

"Wa yake kira da ita?"

"Ba kowa. Kiɗa ne kawai. Baba, duk cikin hannunka babu kiɗan da ba ya kiran kowa?"

Maiwada ya kamo hanyar gida yana lalube cikin kansa. Ya wuce inda ake matsar rake, doki yana zagaya injin da ido a rufe, ƙanshin mazarƙwaila ya cika hanya, shi bai ma ji sallamar masu aikin ba. Yana tafe yana ɗaga kiɗa ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman allura a cikin kayan ɗaki. Wannan na wane ne, wannan na wance ne. Kawunsa bai koya masa na mafarauta ba, bai koya masa na biki ba. Duk abin da yatsunsa suka sani yana da mai shi, kuma mai shi yana amsawa. Ya iso Gidan Nomau da baƙin ciki irin na mutumin da ya buɗe rumbunsa ya tarar duk hatsin na aro ne.

Bayan mako guda Lantana ta daina cin abinci. Ta ce ba za ta ci ba sai maigida ya dawo, ai bai kamata ba. Mero ta yi lallashi, ta yi kuka, ta dama kunu ya huce sau uku. Rana ta biyu ba ta iya zama sai an jingina ta da bango. Rana ta uku Mero ta fito ta durƙusa gaban ubanta ta ce, "Baba, Inna tafiya za ta yi." Idonta ya kai kan rumbu, inda garayar take, ya dawo.

Kada a yi wa tsohon nan kwaskwarima, a ce ya san abin da zai faru. Bai sani ba. Da ya miƙa hannu ya sauko da garayar, ya busa ƙura ya share yanar gizo da hularsa, taken Doguwa ya yi niyyar kaɗawa. Ya san abin da Littafi ya ce, ya san abin da ita kanta ta roƙe shi a bakin rafi. Ya ce a ransa, "Ubangiji, ka gani. In wuta ce ni zan shiga, ita ba ta san komai ba." Yana faɗa yana jin kunyar kansa, amma ƙafarsa ba ta tsaya ba.

La'asar ce sakaliya. An fito da Lantana tabarmarta ta kullum, fuskarta wajen hanyar Kudan, furen rake yana kaɗawa can ƙasa, hayaƙin masu dafa mazarƙwaila ya kwanta a kan fadama bai tashi ba. Ya zauna ɗan nesa da ita. Tsirkiyoyin sun fi shekara uku a kwance, dole sai an ɗaura. Ya ja ta sama, kuma da yake hali zanen dutse ne, ya ja ta fiye da kima. Ya taɓa ta sau biyu, ya taɓa ta ƙasa sau ɗaya, ya yi shiru yana saurare. Ya sassauta, ya sake ja. Tin tin tan.

Sai idonsa ya faɗa kan tabarma. Yatsanta yana tafiya tare da nasa, sau biyu, sau ɗaya, ya tsaya inda ya tsaya. Ashe abin da take bugawa wata da watanni ke nan. Ba taken kowa ba ne, ɗaurin tsirkiyarsa ne.

Ta juyo da kai a hankali daga hanyar Kudan. Ta dube shi tun daga hula har ƙafa, ta ɗan yamutsa fuska.

"Sarkin Gaggawa," ta ce, "sassauta mata, ba gudu za ta yi ba."

Ya saki tsirkiyar ya zuba mata ido.

"Yaushe ka dawo? Ka daɗe. Wani bawan Allah yana ta jiranka, kullum sai ya zo." Ta waiwaya tana neman baƙon, ba ta gan shi ba, ta ƙyale. "Dubi yadda ka rame. Ba sa ba ka abinci a Kudan?"

Da ƙyar ya ce, "Ban fara kiɗan ba tukuna."

"Wane kiɗa? Ni dama wannan nake riga kowa zuwa in ji. In ka fara kiɗan ai ba ni ce a wurin ba. Ban taɓa jin sa ba ko sau ɗaya." Ta lumshe ido. "Sake yi."

Shekara arba'in yana taƙama da yatsunsa, ana yabonsa daga Ikara har Kudan, ashe matar da ya fi so ta ji ba ta san komai daga hannunsa ba sai wannan ɓata lokacin da ake yi masa dariya a kai. Ya sassauta tsirkiyar ya sake ja, hawaye yana sauka a kan fatar garayar. Ya yi ta yi, yana ɗaurawa yana kwancewa, bai bar ta ta daidaita ba, don in ta daidaita bai san abin da yatsunsa za su yi ba. Can Lantana ta ce, "Mero, ina kunun nan? Kawo mana, babanki ya dawo." Suka sha a ƙwarya ɗaya, mai ɗinki a baki.

Ta ƙara kwana goma sha ɗaya a duniya. Da safe yakan koma baƙo, ya karɓi gaisuwarsa da ladabi. Da la'asar ya ɗauko garaya ya dawo daga Kudan. Ta rasu ranar da aka fara saran rakensu, aka binne ta a bayan majami'a. Zulai ta zo gaisuwa, ta ji yadda aka yi, ta ce ita dai ba ta taɓa jin an warkar da kowa da ɗaurin tsirkiya ba. Da Maiwada ya gaya wa Malam Gambo niyyar da ya sauko da garayar da ita, bai ɓoye komai ba, malamin ya ce, "Baba, ka je bakin ƙofar, aka tare ka a hanya. Sai godiya."

Ya rayu shekara shida bayanta, yana noma 'yar gonarsa, yana faɗa da jakinsa, ran Lahadi yana zama a layin gaba yana waƙa da muryar da ba ta da daɗi ko kaɗan. Bai ƙara kaɗa taken kowa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Amma la'asar ba ta taɓa wuce shi ba.

Wata rana wani mai tallan gishiri da ya gaji da tsayuwa ya kasa haƙuri, ya ce, "Haba Baba, tun ɗazu muke jira. Yaushe za a fara kiɗan?"

Maiwada yana sassauta tsirkiya, bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Ai an gama, ɗana. Mai sauraron iyakar abin da take ji ke nan."